Tahiya bakin teku da kare cikin damina, amsa ga ɗan'uwanmu na Mabera

Wani ɗan'uwa daga Mabera ya turo tambaya. A taƙaice cewa ya yi shina da kare Alsheshan ɗan shekara biyu, nauyinshi wajen kilo 30, shina son zuwa Legas wurin yayanshi da ke kasuwanci a Alaba Rago, daga nan su wuce bakin teku wajen Badagry da iyali su yi kwana biyu, kuma da gangan ya zaɓi damina, Yuli ko Agusta, don an ce mashi lokacin ba cunkoso kuma masauki ya fi araha. Ba shi da wanda zai bar ma karen don ba ya yarda da kowa sai shi. Ya tai da shi ko ko a'a, in kuma zai tai da shi mi ya kamata ya shirya?

To Malam, a matsayina na likitan dabbobi amsata ita ce ana iyawa, mutane na yi, amma kafin mu kai maganar teku ma akwai wata kalma cikin tambayarka da ta tsaya mani, inda ka ce ba ya yarda da kowa sai kai. Galibin karnukan da ake kawo muna nan Sakkwato na gadi ne, wuni suke cikin keji bayan gida sai dare a sake su, ba su san mota ba sai ranar allura, ba su san baƙo ba sai wanda za su yi ma haushi. In naka irin wannan ne walle ka bar shi gida, don kare da bai saba da mutane ba ka ɗauke shi tahiyar fiye da kilomita 1,000 ka sauke shi wurin da teku ke ruri, ga yara na gudu ga dawaki, kai ba ka huta ba shi bai huta ba, ƙarshenta a ciji ɗan wani. Maganin rashin mai kula da shi mai sauƙi ne, tun yanzu ka samu mutum ɗaya cikin gida ko maƙwabci ya riƙa ba shi abinci kana tsaye, kullum, cikin sati biyu zuwa uku yawancinsu sun karɓi mutum, ko ka tambayi asibitin dabbobi ko suna ajiye kare. In kuwa karen naka mai jin magana ne, ka kira shi ya zo ko da shina tsakiyar wasa, ya saba da sarƙa, baƙo ya shigo ya yi haushi ka tsawata ya kwanta, to ci gaba da karatu. Maganar hukuncin riƙon kare kuwa ta malamai ce, kowa ya san hadisin da ya keɓe na farauta da na kiwo da na gona, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma ka sani can za ka haɗu da waɗanda fahimtarsu ba haka take ba, kada ka bar shi ya shinshini tufafin kowa.

Wanda ya ce maka damina ba cunkoso bai yi ƙarya ba. Bakin tekun Legas Disamba yake cika maƙil, sai Ista da ranakun Sallah, cikin damina kuwa musamman Litinin zuwa Alhamis sai ka samu wuri kai kaɗai da masunta, ba kiɗa ba babura masu ƙafa huɗu, kuma wannan shi ne babban abin da kare ke so. Sai dai watannin ba ɗaya ba ne. Yuni ne ruwa ya fi yawa a Legas, ana iya wuni ana tsuga shi tituna su cika, farkon Yuli ma haka, daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta ruwan kan ɗan tsagaita gari ya yi lumshi da sanyi-sanyi, sannan ya dawo Satumba da Oktoba. Don haka in zaɓi na hannunka Agusta ta fi, illa dai lokacin hutun makaranta ne, Asabar da Lahadi za ka ga mutane. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya kori mutane daga bakin teku a waɗanga watanni shi ne ita tekun kanta, lokacin ta fi haukacewa, iska na busowa daga cikinta igiyoyi na tasowa manya, wani lokaci ta ƙetare inda ta saba tsayawa ta hau kan rumfuna. A Agustan 2012 haka ta yi a Kuramo ta tafi da mutane da bukkokinsu. Ga kuma masu ceto, inda ma akwai su, ranar da ba kasuwa ba lalle ka gansu ba.

Shi ya sa shawarata ɗaya ce a nan kuma ba ni sassauta ta, kada karen ya shiga ruwa, iyakarshi inda kumfa ke mutuwa kan rairayi ta jiƙa mashi ƙafa. Na san za ka ce ai shina iyo a Gulbin Rima ko ka taɓa kai shi Kware ya faɗa ruwa ya fito, to wancan ruwa ne mai tahiya gefe ɗaya ko kuma kwance. Gaɓar tekun Legas a tsaye take, taku kaɗan ka zurma, igiyar in ta zo ta buge ka in za ta koma ta janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka, sannan akwai wasu hanyoyi da ruwan da ya taru bakin gaɓa ke bi ya koma ciki da gudu, abin takaici wurin ya fi ko'ina kama da natsuwa don igiya ba ta fashewa a nan, sai ka ga ruwan ya ɗan yi duhu ko ya yi gurɓi shina jan shara zuwa ciki. Gwanin iyo ma in ya ce zai yi gaba da gaba da shi gajiya zai yi. Kuma abin da ke kashe mutane shi ne kare ya faɗa, mai shi ko ɗanshi ya bi shi, sau da yawa karen ya fito can gaba da kanshi mutumin bai fito ba. Ka gaya ma yaranka wagga magana tun a gida, in ruwa ya ja shi ba mai binshi, a tsaya a gaɓa ana kiran sunanshi ana bin gefen da ruwan ke kai shi. Ka samu igiya doguwa mita 5 zuwa 10 ka ɗaura ta jikin ɗamarar ƙirji ba a wuya ba, don in ya finciko da gudu kada ta shaƙe shi.

Wurin zuwa ma sai ka bincika don taswirar da ke kan tsofaffinmu ta canza, Bar Beach da suke ba da labari an cike shi da ƙasa ya koma Eko Atlantic, na Landmark kuma aikin titin bakin teku ya bi ta kanshi a 2024. Tunda kuna Alaba Rago kun riga kun hau hanyar Badagry, can akwai Suntan da Gberefu da wasu gaɓoɓi na ƙauyuka masu itacen kwakwa, sun fi na Lekki irin su Elegushi sarari da shiru. Tarkwa Bay ruwanshi ya fi sauran kwanciya don duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa sun kare shi, amma sai da kwale-kwale ake zuwa, ni kuwa ba ni ba ka shawarar saka kare mai kilo 30 da bai taɓa shiga jirgin ruwa ba cikin fasinjoji. Galibin wuraren nan akwai mai ƙofa da kuɗin shiga kuma kowa da dokarshi, wani ya yarda da kare wani a'a, don haka yayanka ya kira ko ya je da kanshi ya tambaya, ya faɗi girman karen gaskiya kada ya ce ɗan ƙarami ne. Haka masauki, otal da yawa ba su karɓa, gidan haya na kwana-kwana mai katanga ya fi sauƙin samu, kuma tunda ba kasuwa suke yi ba lokacin sun fi saurin yarda.

Yanzu ga abin da mutanenmu ba su tsammani, zafi. Za ka ce karen da ya sha Afrilun Sakkwato da digiri 42 mi zafin Legas na 28 ko 29 zai yi mashi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya kanshi, iska ta bi kan harshe da cikin hanci ta busar da danshi ta tafi da zafin. Iskarmu busassa ce shi ya sa hakin ke aiki sosai. Can kuwa cikin damina laimar iska na wuce kashi 80 cikin 100, awa ka tsaya kan tukunya ana turara dambu, ya yi ta haki ba abin da ke bushewa, ga gashin Alsheshan ninki biyu, ga murna ta sa shi gudu cikin rairayi wanda ya fi gudu kan ƙasa cin ƙarfi. Zafin jikin kare na lahiya tsakanin 38 ne da 39 da ɗan wani abu, in ya haura 40 da rabi an shiga haɗari. Alamun su ne harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu mai kauri, dasashi ya yi jawur, ka kira shi ya dube ka awa bai gane ka ba, ya fara tangaɗi, amai ko zawo. In ka ga haka kada ka tsaya neman asibiti tukuna, fara sanyaya shi nan take, inuwa, ka kwarara mashi ruwa mai sanyi a jiki duka musamman ciki da hammata da cinyoyi, a yi mashi fifita, sannan a sa shi mota da iska a tai asibiti ko da ya nuna ya warware, don ƙoda da hanta kan nuna illar daga baya. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul a bari, riƙe zafin yake. Kuma kada ka aske mashi gashi ƙwal don tahiya, ka dai taje shi sosai mataccen gashin ƙasa ya fita. Fita da shi bayan asuba zuwa ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. In rana ta buɗe ɗora bayan hannunka kan rairayi, in ba ka iya ƙirga bakwai shi ma tafin ƙafarshi ba ya iyawa.

Sai ruwan gishiri. Lita ɗaya ta ruwan teku, wato ledar fiya wata biyu, akwai gishiri wajen giram 35 a ciki, kusan ƙaramin cokali shida ke nan. Kare mai ƙishi ba ruwanshi lasa zai yi, in ana jefa mashi ƙwallo cikin ruwa kuwa duk ɗaukowa sai ya haɗiyi wani. Kaɗan zai sa shi zawo mai ruwa-ruwa da amai a ranar, mai yawa kuwa gishirin jini ya hau ya janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, sai rawar jiki da tangaɗi da farfaɗiya. Hanyar kaucewa ita ce kada ya ji ƙishi tun farko, ka ba shi ya sha kafin ku sauka mota, kuma duk minti 15 zuwa 20 ka miƙa mashi kwano. Kare na buƙatar mililita 50 zuwa 60 kan kowane kilo a wuni, naka ke nan lita ɗaya da rabi zuwa biyu ranar da ba ya komi, ranar bakin teku ka lissafa ninki, ƙari da na wanka, jarka guda dai. In ka tabbata ya sha na teku da yawa kada ka aje mashi bokiti ya shanye lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan a jere, in jiki ya fara rawa asibiti kai tsaye don ƙarin ruwa ne kuma a hankali ake sauko da gishirin. Rairayin kanshi ma in ya yi ta haɗiya wurin tono ko ɗaukar jiƙaƙƙen ƙwallo yakan cushe hanji, washegari ka ga amai da yunƙurin kashi ba ya fita.

Damina kuma ita ke kwaso duk sharar Legas daga kwatoci ta zuba teku, teku ta maido ta gaɓa, robobi, fasassun kwalabe, sirinji, ƙugiyar masunta da ragowar kifi a jiki. Tun wajen 2011 ga wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ke taruwa tuli-tuli a gaɓar Afirka ta Yamma, in ta ruɓe warin ruɓaɓɓen ƙwai take, kare kuwa nan ne zai so birgima, a hana shi. Mataccen kifi duk a hana, amma wanda na fi tsoro talibambam na teku, gubar da ke cikin hantarshi da ƙwanshi ba ta da makari kuma ko ya bushe tana nan, shanye jiki take har numfashi ya tsaya. In ya haɗiye ƙugiya ka ga zare na lilo a baki kada ka ja, kada kuma ka yanke shi gajere, ɗaure shi jikin abin wuya a tai wurin likita. Don irin waɗanga nake son ka saba mashi da takunkumi irin mai kwando wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki, ba na ƙyalle mai matse baki ba, wancan cikin zafi kisa ne.

Allurai kuwa ba ranar jajibiri ake yin su ba. Ta haukan kare ita ce gaba, ana fara ta daga wata uku a riƙa sabuntawa duk shekara, in tashi ta ƙare ko ba a taɓa yi ba a yi ta aƙalla sati uku zuwa wata ɗaya kafin tahiya, a rubuta cikin kati da hatimin likita, katin ya zauna cikin mota tare da takardun motar. Akwai wadda cibiyar binciken lahiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom ke yi akwai ta waje, duk suna aiki in an adana su cikin sanyi, abin gudu shi ne wadda aka yi ta yawo da ita cikin aljihu, shi ya sa gara ka je asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin dabbobi na jiha ko wani likita mai rajista. Ba wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa duk shekara da wanga ciwo kuma kusan duka daga cizon kare ne, ga karnukan ƙauyen masunta na yawo ba mai katinsu. Ta biyu ita ce allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar da ake rubutawa DHLPP, a tahiyarka harafin L ɗin ne ya fi damuna, ciwo ne da ake samu daga fitsarin ɓera cikin ruwan da ya kwanta, shina lalata ƙoda da hanta, mutum ma na ɗauka, kuma ruwan kwance a Legas cikin damina ba sai an nema ba. In bai taɓa samun ta ba sau biyu ake yi da tazarar sati biyu zuwa huɗu, ka ga ke nan shirin daga sati shida kafin tashi yake farawa. A ba shi maganin tsutsar ciki kafin tahiya da bayan dawowa.

Kaska da ƙuma akwai su nan ma amma can laima ta sa sun fi yawa, kuma kaska ce ke kawo cututtukan jini masu sa zazzaɓi da fari-fat na dasashi, wani lokaci haɓo ko fitsari ja. Yanzu akwai ƙwayoyin taunawa, irin su NexGard da Simparica na wata ɗaya, Bravecto na sati 12, su na fi so ga mai zuwa wurin ruwa don wanka da ruwan sama ba su wanke su, a ba shi kwana biyu-uku kafin tashi daidai nauyinshi. Suna da tsada, na sani. Amma don Allah kada a ce za a yi dabara da fiya-fiya ko maganin feshin gona a ruwan wanka, mun sha karɓar kare shina dalalar da yawu shina karkarwa saboda wannan, wasu ba su kai gida ba.

Akwai kuma wani ƙuda da ake ce ma tumbu, wanda duk mai kare a kudu ya san shi amma namu da yawa ba su taɓa gani ba. Macen na zuba ƙwai cikin rairayi mai inuwa inda aka yi fitsari ko kashi, ko kan tufafin da aka shanya, cikin kwana ɗaya zuwa uku su ƙyanƙyashe, ƙananan tsutsotsin su zauna jiran jiki mai ɗumi, kare ya zo ya kwanta ƙarƙashin rumfa ko gindin kwakwa su huda fata su shige, ba ya ma ji. Bayan kwanaki sai ka ga ƙuraje kamar maruru a ciki, ƙafafu, tsakanin yatsu, gindin wutsiya, kowane da ɗan rami a tsakiya, ka dube shi da kyau ka ga abu na motsi. Cikin kwana 8 zuwa 12 tsutsar ke ƙosawa ta faɗo. Abin ƙyama ne amma ba na tashin hankali ba in an gani da wuri, a toshe ramin da man basilin, ta rasa iska ta leƙo, a matsa daga gefe a hankali ta fito gaba ɗayanta, a wanke wurin da maganin ciwo. Kada a fashe ta ciki, in suna da yawa ko wurin ya yi ruwa a bar ma likita. Rigakafinshi tabarma ce ko buhu, ka shimfiɗa mashi ya kwanta kai, kayan shimfiɗarshi da na yaranka in an wanke an shanya a goge su da dutsen guga mai zafi, don yara ma yana shiga jikinsu. Kowace yamma in kun dawo a ɗauraye shi da ruwan daɗi, a tsane shi har ƙasan gashi, a goge cikin kunne, a buɗa tsakanin yatsu. Gashi mai kauri in ya kwana da laima da gishiri washegari sai ka ga wuri ya yi ja shina tsatsafo da ruwa, ya yi ta lasa shina faɗaɗa.

Hanya kuwa ka san ta, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Makwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho, Ibadan sannan Legas, sabuwar ta Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024 kuwa aiki ake, kada ka sa ta cikin lissafi. Ka raba ta kwana biyu, ba tahiyar dare, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a satin. Motar haya a manta da ita. Cikin taka motar ya zauna a keji da zai iya tsayuwa da juyawa, cikin mota inda iska ke kai, ba but ba, ba bayan a-kori-kura cikin rana ba. Abinci kaɗan awa uku zuwa huɗu kafin tashi, tsayawa duk awa biyu ko uku ya sha ruwa ya zaga, kuma a ɗaura igiya kafin a buɗe ƙofa don a irin wuraren nan ne kare ke tsalle ya faɗa titi. In kun tsaya sallah ko cin abinci mutum ɗaya ya zauna da shi a inuwa, mota a rufe cikin rana ko minti goma na iya gamawa da shi. Tun yanzu ka riƙa ɗan zagayawa da shi, yau zuwa Dange gobe Bodinga, ka ga ko mai amai ne, in haka ne akwai maganin amai na karnuka likita zai ba ka. Maganin barci ba ni ba da shi don tahiya, saukar da hawan jini yake ya hana jiki daidaita zafi. Abincin da ya saba ka ɗauko daga gida wanda zai isa, canjin abinci da canjin ruwa lokaci ɗaya zawo ne. Kuma a ja ma yara kunne, ba tsire mai albasa, ba ƙashin kifi ko na kaza dafaffe, ba cakulan, ba goro, in ya yi ɗingishi kuma ba a ba shi ibuprofen ko diclofenac ko farasitamol na cikin jakar Hajiya, biyun farko huda ciki suke su taɓa ƙoda. In jirgi kake tunani sai ka kira kamfanin tun da wuri ka ji ko suna ɗauka da irin kejin da suke so.

A bakin tekun za ka ga masu dawaki na haya, da yawansu ma 'yan arewa ne za ku gaisa da Hausa, ka ja karenka nesa da su don shuri ɗaya ya isa karya mashi haƙarƙari. Masunta in suna jan taru a ba su wuri, masu fararen riguna da ke addu'a gefen ruwa su ma haka. Kashinshi ka kwashe a leda, ba don kunya kaɗai ba, tsutsar cikin kare daga kashi take shiga rairayi ta huda tafin ƙafar yaran da ke yawo ba takalmi, ta yi ta zane a ƙarƙashin fata da ƙaiƙayi. Ka rubuta lambar wayarka jikin abin wuyanshi don tsawar damina a fili na sa kare ya tsinke da gudu, kuma kada ka ɗaure shi waje ka shiga ɗaki, kare mai tsada ana sacewa. In tsautsayi ya sa ya ciji wani ko wani kare ya ciji naku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur sannan asibiti a ranar, ka fito da katinka ka biya kuɗin magani ba gardama, kai baƙo ne. Daga Badagry Seme, bakin iyakar Benin, kusa take, in zuciya ta raya maka leƙawa Kwatano to da kare sai da takardar lahiya da izinin hukumar kula da shige da ficen dabbobi da tsirrai, NAQS, don yawon wuni ɗaya bai kai wahalar ba. Lambar likitan dabbobi mafi kusa da masaukinku kuwa a neme ta tun kafin ku isa.

Dawowa gida ba ita ce ƙarshen aikin ba, sati uku zuwa wata ɗaya na bayan tahiya ido za ka sa. Daga wajen Makwa da Jebba zuwa kudu, cikin kurmi da bakin ƙoramu, akwai tsando, shi ke kawo sammore da muka sani ga shanu, kare ma na kamuwa kuma irin su Alsheshan ba su jure mashi kamar karnukan can. Ba kan rairayin teku yake ba, wuraren tsayawa ne gefen daji da bakin tafkunan bayan gaɓa, don haka wurin zagawa a zaɓi fili ba cikin duhuwa ba. Sati ɗaya zuwa uku bayan cizo sai zazzaɓi mai zuwa da komawa, ƙin abinci, rama, kumburin fuska ko kaluluwa, dasashi ya yi fari, alamar da ta fi fitowa fili kuwa ido ya yi hazo fari-fari ko shuɗi-shuɗi kamar yana ta rufe shi. Ciwon kaska ma kusan tazararsu ɗaya kuma farkonsu kama yake. Likitan nan Sakkwato ba lalle sammore ya fara zo mashi a rai ga kare ba tunda ba mu cika ganinshi ba, don haka da bakinka ka ce mun je Badagry ta hanyar Jebba mun dawo ranar kaza, a ɗebi jini a duba. Kuma kada wani mai shanu ya ce ga Berenil, allurar sammoren shanu, a yi mashi, maganin na aiki amma ga kare tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai an ɗora shi kan sikeli an lissafa, kuma ba a maimaita shi washegari don an ga bai tashi ba.